Kafin ka ɗaure jakar TP: maganar rediyon da kuka yi min dariya a kansa

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman waɗanda sunayensu suka fito a jerin masu fita TP, da masu zuwa aikin fili, da yayyenmu masu jiran takardar bautar ƙasa.

Shekaranjiya da daddare a hostel ana lissafa kayan da ya kamata mutum ya zuba a jakar goyo idan an tura shi ƙauye. Wani ya ce gidan sauro, wani ya ce tocila, wani ya ce fawa bank har guda biyu, wani ya ce garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari. Ni kuma na ce a ƙara da ƙaramin rediyo mai kama gajeren zango. Kai, ka ga dariya! Wani ya ce ashe gadi aka tura ni, wani ya ce saura malfa da sanda in bi shanu. Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa yi wa wani dattijo irin wannan dariyar a cikin zuciyata. Amma tunda an ƙi bari in ƙarasa maganata a ɗaki, bari in ƙarasa ta a nan.

A watan Janairun 2023 ina TP a wata makarantar firamare a wani ƙauye da ke bayan Auna, ta wajen tafkin Kainji. Mu biyu aka tura, ni da wani abokina. Ba wutar lantarki. Sabis kuwa sai ka hau wani tudu bayan makaranta, ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, wata rana ya shigo, wata rana ka dawo haka nan. Cajin waya sai ranar kasuwa wajen mai janareta. Akwai wani dattijo mai gadin makarantar, muna ce masa Baba, shi kuma yana ce mana Malam duk da ya yi jika da mu. Yana da wani ƙaramin rediyo da ya ɗaure murfin batirinsa da kyauron roba. Kullum bayan isha'i zai shimfiɗa tabarma, ya zaro eriya, ya yi ta murɗawa yana ta shuuu har sai murya ta fito. Ni a lokacin gani nake wahala ce kawai yake ba kansa.

Kun tuna abin da ake ciki a wannan watan. Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu. A ƙauyen tun saura mako guda masu shaguna suka fara ƙin karɓa. Banki sai ka niƙi gari zuwa Kontagora, can ma layi ne tun asuba. Ni kuma ina riƙe da naira dubu talatin, duk tsofaffi, kuɗin masarar da mahaifina ya sayar ya aiko min in ci abinci har in gama TP. Ranar Lahadi 29 ga wata wani mai sayen hatsi ya shigo garin da sababbin kuɗi, ya ce duk dubu goma tsofaffi zai ba da dubu bakwai sababbi. Abokina ya ce da asarar duka gara asarar wani abu, ya miƙa dubu ashirin ya karɓi dubu goma sha huɗu. Ni na ce zan kwana in yi tunani, da safe in kai nawa.

Da daddare ina zaune nesa kaɗan da tabarmar Baba, sai na ji ya ƙwala min kira: "Malam, matso ka ji. Riƙe kuɗinka, an ƙara kwana goma." Na matsa, na ji da kunnena ana cewa an ɗage wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Tun da rana aka sanar, mutanen birni duk sun sani, wataƙila har da mai sayen hatsin. Mu da muke da manyan wayoyi da fawa bank mu ne ba mu sani ba. Dubu tara Baba ya tsirar min da su a daren nan, da batir biyu da ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Abokina kuwa bai ce komai ba, ya tashi ya shige ɗaki.

Daga ranar na zama ɗan tabarmar Baba. A nan muka ji jawabin Shugaba Buhari na 16 ga Fabrairu da ya ce tsohuwar naira 200 za ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu. A nan muka ji hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris da ya ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da yawo har ƙarshen shekara. Tsakanin waɗannan ranaku kuwa jita-jita ba irin wadda ba a kawo garin ba. Duk wanda ya dawo daga kasuwar Auna ko Salka da nasa labarin. Abin da ke raba gardama shi ne a jira dare a ji me rediyo zai ce.

To, ra'ayina ke nan a taƙaice: duk ɗalibin da zai kwana fiye da mako guda a inda sabis da wuta ba su da tabbas, ya kamata ya tafi da rediyo mai gajeren zango. Kuma wajen zaɓensa, ƙauyen da za ka shi zai gaya maka irin wanda za ka saya. Kyan kwali da yawan maɓallai a shago ba su da ta cewa.

Na san abin da za ku fara cewa: ai wayata tana da rediyo. Gaskiya ne, amma FM ne kawai. FM yana tafiya ne a miƙe daga dogon ƙarfen tasha zuwa gare ka, don haka tafiyar 'yan kilomitoci ce, tudu ko dutse ko nisa su yanke shi. Da zarar ka yi nisa da birni sai ya fara shaƙewa. Ga shi sai ka saƙala iyafis kafin ya kama, don wayar iyafis ɗin ita ce eriyarsa, kuma cajin da kake tattali shi yake sha. Sauraro ta intanet kuwa ba sai an faɗa ba, sai da sabis da data.

Gajeren zango dabam yake. Saƙonsa sama yake nufa. A can sama, kamar kilomita 100 zuwa 400 daga ƙasa, akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa, 'yan Fiziks suna ce masa ayonosfiya. Saƙon yana dukan wannan rufin ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomitoci. Shi ya sa muryar da aka harbo daga tsibirin Ascension a tsakiyar Tekun Atlantika, inda BBC ke da tashar tura shirye-shirye tun 1966, ko daga garin Issoudun na Faransa inda ake harba RFI, take sauka tsaf a kan tabarmar Baba a bayan Auna. Ba ruwanta da ƙarfen sabis na garinku, ba ruwanta da an sace dizal ko an kashe janareta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Arewa ta yau. A farkon Satumban 2021 an kashe layukan waya gaba ɗaya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Aka bi da ƙananan hukumomi 13 a Katsina, da 14 a Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. Makonni mutane suna riƙe da wayoyi masu tsada da ba su da amfani sai haska ɗaki. 'Yan uwanmu ɗalibai na Gusau da Tsafe da Funtuwa da ke cikin wannan zauren su faɗa in ƙarya nake. A Jamhuriyar Nijar kuma gwamnatin soja ta dakatar da RFI a Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Abin da hukuma ke iya rufewa cikin sauƙi shi ne tashar FM da ke cikin ƙasarta. Abin da ke saukowa daga sama, rufe shi aiki ne babba. Mu da muke zaune tsakanin Kagara da Tegina da Birnin Yauri, muka ga abin da ya faru da makarantunsu a 2021, bai kamata mu ɗauka cewa kashe sabis abu ne da ke faruwa ga wasu kawai ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sashen Hausa na BBC ya fara tun 13 ga Maris 1957, kafin 'yancin kai. Muryar Jamus da Rediyon Sin suka fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Ga Rediyon Kaduna da iyayenmu suka shekara da shekaru suna kamawa a mita 49, ga Muryar Najeriya. Manomi da makiyayi da masunci a ƙasar nan sun san sunan shugaban Iran da na Rasha tun kafin a haifi Facebook. Mu ne 'yan boko muka zo muka raina abin.

Yanzu ga yadda za ka zaɓa. Na sayi guda biyu kafin in dace, don haka ba daga littafi nake magana ba.

1. Fara da batir, kafin komai

Tambayar farko ba "tasha nawa yake kamawa" ba ce. Tambayar ita ce: idan ya mutu a ƙauyen da zan je, da me zan tashe shi? Rediyoyin da suka cika kasuwa yanzu iri uku ne. Akwai mai cin ƙaramin batir irin na agogon bango, wanda ake rubuta wa AA. Akwai mai ɗaukar batirin tsohuwar Nokia, mai lamba BL-5C. Akwai mai dogon batir ɗin nan na tocilar caji, mai lamba 18650, ko kuma wanda aka rufe batirin a ciki ba ya cirowa.

Ni dai shawarata AA. Duk ƙauyen da ke da mai tebur, za ka sami Tiger Head ko ɗan uwansa. Wanda sai an yi masa caji kuwa ya koma layi ɗaya da wayarka, ranar da ta mutu shi ma ya mutu, to me ka yi ke nan? Idan har mai caji ya fi kwanta maka, nemi mai BL-5C, ka sayi batir na biyu ka ajiye, don masu gyaran waya a kasuwannin ƙauye suna da shi. Wanda batirinsa ba ya cirowa, ka bar wa mai shago kayansa. Masu cin babban batir na tocilar da suna daɗewa sosai, amma nauyinsu na zaman gida ne, ba na jakar goyo ba.

Kuma idan za ka ajiye shi fiye da mako biyu, cire batirin. Masu arhar nan suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Haka na farkon da na saya ya mutu.

2. Duba mitocin da ke jikinsa

Kar rubutun "band 10" ko "band 12" a kwali ya ruɗe ka. Juya ka karanta gilashin. Za ka ga FM, za ka ga MW ko AM wato matsakaicin zango, sannan SW wato gajeren zango, wani lokaci an raba shi SW1, SW2 har zuwa takwas ko tara. Abin da kake nema shi ne ya ƙunshi mita 49, 41, 31, 25, 19 da 16. Idan da megahaz aka rubuta, to ya tashi daga wajen 5.9 ya kai aƙalla 18. Lissafin mai sauƙi ne: raba 300 da megahaz, ka sami mita. Megahaz 6 shi ne wajen mita 49, megahaz 15 wajen mita 19. In ya haɗa da mita 22 da mita 13, ƙari ne mai kyau.

Dalilin da ya sa kake buƙatar duka shi ne rufin saman nan yana sauya hali tsakanin dare da rana. Da rana ƙasan rufin yana shanye ƙananan megahaz, don haka tashoshi suna hawa sama, mita 19 da 16 da 13. Da dare da asuba sai su sauko mita 49 da 41 da 31. Akwai rediyoyi masu arha da suka tsaya a megahaz 12. Irin wannan zai ba ka shirin asuba da na dare, amma shirin rana sai dai ka ji a bakin wani.

Kar ka raina MW ɗin ma. Da rana ba ya nisa sosai, amma bayan magariba yana ɗauko tashoshi daga jihohi masu nisa. Shi eriyarsa a cikin akwatin take, don haka juya rediyon kansa ake yi har murya ta fito, ba zaro ƙarfe ba.

3. Mai allura ko mai lamba?

Mai allura, irin Kchibo da muke kira Kacibo, shi ne na iyayenmu. Yana da arha, ba ya shan batir, kuma duk mai gyara ya san cikinsa. Matsalarsa ita ce tashoshi a gajeren zango a cunkushe suke, kaurin allurar kaɗai ya rufe tasha biyu ko uku. Sai ka koyi murɗawa a hankali kamar mai zare ƙaya, wani lokaci kuma kana cikin ji tashar ta zame sai ka sake nemo ta.

Mai lamba yana nuna maka daidai inda kake, misali 15490, kuma yana ajiye tashoshi a ƙwaƙwalwarsa. Idan aka sanar da kilohaz sai ka danna kawai. Tecsun PL-310ET da PL-380 suna cin AA guda uku, PL-330 yana ɗaukar BL-5C, XHDATA D-808 kuma 18650. Sun fi tsada nesa ba kusa ba, sun fi shan batir, kuma da wuya ka same su a Kontagora, sai an aiko maka daga Kano ko Kaduna ko Abuja.

Ra'ayina? Idan TP ne na 'yan watanni kuma aljihu ba nauyi, mai allura mai kyau ya ishe ka, in dai ka gwada shi. Idan bautar ƙasa ce ta shekara guda, ko kai ɗan Jogirafi ne ko ɗan gandun daji ko harkar kifi irin 'yan uwanmu na New Bussa da aikinsu kullum a daji yake, daure ka sayi mai lamba. Siyan na gari mayar da kuɗi gida ne.

4. Girma da nauyi

Jakar da za ka goya a kan babur daga Auna zuwa cikin lungu, ga gidan sauro ga littattafai ga garin kwaki, ba ta da wurin akwati. Nemi wanda bai wuce tafin hannunka da yatsu ba, wanda zai shiga aljihun gefen jaka. Amma kar ka je can ƙarshe ka sayi ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana. Irin waɗannan eriyarsu gajeruwa ce, sifikarsu kamar kukan sauro, kuma maɓallin nema ya yi ƙanƙanta da yawa. A ƙauye ba kai kaɗai za ka ji ba, mutum biyar za su kewaye ka. Sai dai ya kasance yana da ramin iyafis, saboda daren da abokin ɗakinka ke barci, kuma iyafis ya fi sifika tattalin batir.

5. Eriya da jiki

Eriya ita ce ke fara karyewa. Zaro ta duka a shago, ka ga tsawonta, ka ga ko tana juyawa ko'ina, ka taɓa gindinta ka ji ko da sukurun aka ɗaure ta yadda za a iya sauyawa. Buɗe murfin batir ka rufe sau uku. Murɗa maɓallin ƙara ka ji ko yana ƙarar yashi. Ƙurar hunturu da ruwan damina su ne abokan gabansa, don haka ka tanadi leda mai kauri da tsohuwar safa, ka saka shi a ciki ka cusa tsakiyar tufafi.

6. Abubuwan da ba ka buƙata

Rediyo na biyu da na saya yana da tocila, da Bluetooth, da ramin memori, da ɗan faifan sola a kai, da wasu fitilu masu rawa. Komai yana yi sai abu ɗaya: kama gajeren zango. Da ka juya SW ba abin da kake ji sai shuuu. Kuɗin da ya kamata a kashe a kan kunnen rediyon an kashe shi a kan kwalliya. Ɗan faifan solar nan ma bai kai ya cika batir ba ko ya wuni a rana, illa dai ya sa ka gasa rediyonka. Haka kuma idan ka ga an rubuta SSB ana neman ƙarin kuɗi a kansa, na masu sauraron jiragen ruwa da 'yan sha'awar sadarwa ne. Labarai da Hausa ba sa buƙatarsa.

7. Gwada kafin ka biya

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Je shago da batirinka sabo, kuma ka daidaita zuwanka da lokacin da ka san ana shirin Hausa. Roƙi mai shago ka fito da shi waje, don cikin kasuwa ga janareta ga kwanon rufi ga fitilu, ko rediyon kirki sai ya yi ƙara. Ka bi kowane SW ɗaya bayan ɗaya. Ko ba Hausa ba, ya kamata ka ji muryoyi, Larabci, Faransanci, Turanci, Sinanci. Idan ka zagaye duka ba ka ji ko ɗaya ba, ajiye. Idan kuma kana jin tashar FM ta garin tana kutsowa cikin SW, shi ma ajiye. Kuma ku yi magana a fili da mai shago cewa in ka je gida da daddare bai kama ba za ka dawo da shi.

Bayan ka isa ƙauyen, ga dabaru uku da na koya a tabarmar Baba. Na ɗaya, nemi siririyar wayar lantarki kamar mita biyar zuwa bakwai, ka fere bakinta ka naɗa a kan eriya, ɗaya bakin ka rataya a reshen bishiya ko taga. Za ka sha mamakin bambancin. Kar ka wuce haka, ƙaramin rediyo in waya ta yi tsawo tashoshi hawa kan juna suke. Kuma da ka ga hadari ya haɗo, cire ta, ba a wasa da tsawa. Na biyu, nisanta shi da cajar waya da ƙwan sola da inbata, su ne ke haddasa yawancin ƙarar da ake ɗora wa rediyo laifinta. Na uku, tashoshin duniya suna sauya mitoci sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Kafin ka bar inda ake da sabis, nemo lokuta da mitocin da ake kai yanzu, ka rubuta a takarda ka manna a bayan rediyon. In ka wayi gari tasha ta ɓace, kar ka ce ya lalace, tambayi dattijon da ke kusa da kai, ya riga ka gano inda ta koma.

Yanzu bari in yi wa masu dariya adalci, don suna da hujjoji.

Sun ce gajeren zango mutuwa yake yi. Akwai gaskiya a ciki. Tashoshi da yawa a duniya sun rage shi ko sun bar shi sun koma intanet. A Maris ɗin 2025 Muryar Amurka ta yi shiru kwatsam, har da sashen Hausa, bayan umarnin Shugaba Trump, mutanen da suka shekara arba'in suna ji suka kunna suka ji wayam. Wannan ya nuna cewa abin da ke hannun wata gwamnati tana iya ɗauke shi ranar da ta ga dama. Amma darasin da na ɗauka shi ne kar ka dogara da tasha ɗaya, kuma ka sayi rediyon da ya haɗa FM da MW da SW. Ba auren shekara talatin za ka ɗaura da shi ba. Wata huɗu ne ko shekara ɗaya a gabanka, kuma a cikinsu akwai Hausa a sama.

Sun ce tashoshin waje kowa da manufarsa. Haka ne. London da Paris da Beijing da Tehran ba don Allah suke magana da Hausa ba. Amma wanda ya ji labari ɗaya daga baki uku ya fi wanda ya ji shi daga saƙon murya da aka tura sau ɗari a WhatsApp, ba a san wanda ya fara ba. A rediyo aƙalla ka san wa ke magana, ka san inda ya karkata, ka auna.

Sun ce rediyo ba zai gaya maka ko hanyar Nasko ko ta Ibeto lafiya take yau ba. Wannan kam gaskiya ce tsantsa, kuma ina so kowa ya riƙe ta. Labarin hanya a tasha ake jin sa, wajen direbobi da 'yan acaɓa da mai unguwa. Kar wani ya ce bai ji komai a rediyo ba don haka zai kama hanya da magariba. Aikin rediyo shi ne babban labari: an rufe makarantu, an sa dokar hana fita, an janye yajin aiki, an sauya kuɗi, an ga wata, ambaliya na tafe. Waɗanda suka zauna a gida wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, sun san sau nawa aka ce "ASUU ta janye" kafin ta janye da gaske.

Sun ce ba kuɗi. Na yarda, kowa ya san halin da ake ciki. Amma mai allura mai kyau bai kai kuɗin fawa bank na biyun da ake cewa a saya ba. In ku biyu ko uku aka tura wuri ɗaya, ku haɗa ku sayi ɗaya. In ma ba hali, duba ɗakin mahaifinka ko na kakanka, da wuya a rasa wani a kan taga yana shan ƙura. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma wata riba da ban yi tsammani ba. Baƙon malami a ƙauye, in ya shige ɗaki da waya, har ya gama TP baƙo ne. Amma in ya fito da rediyo ƙofar gida bayan isha'i, kafin mako guda ya san mai unguwa da liman da iyayen yaran da yake koyarwa, Bahaushe da Bakambare da Bafulatani, kowa da fassarar da zai yi wa labarin. A wannan zaman ne za a gaya maka ranar da ba a bin hanya kaza, da rijiyar da ba a shan ruwanta, da yaron da ya daina zuwa makaranta da dalilinsa. Wato ko labarin hanyar da na ce rediyo ba ya bayarwa, shi ke tara maka masu bayarwa. 'Yan uwa mata ma haka, a tsakar gida matan gidan da aka sauke ki za su kewaye ki, kuma shirye-shiryen lafiya da na mata sun fi komai jan hira.

Ranar da zan bar garin na sayi batir kwali guda na kai wa Baba. Ya karɓa ya yi ta sa albarka, sannan ya ce, "Malam, in ka koma birni ka sayi naka, kar ka sake zama a duhu da fitila a aljihu." Na saya, ya lalace, na sake saya, aka cuce ni, na uku shi ne a jakata yanzu.

Saura 'yan makonni a fara tafiya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai shiga kasuwa neman nasa, in yana so in raka shi mu gwada tare, ya same ni a hostel bayan la'asar, zan zo da batir. Masu cewa saura malfa da sanda kuma, ba komai, in an kashe sabis ku zo tabarmata, akwai wuri.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.